Igiya a Yatsan Kawu

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Kawu ya riga mu da hantsin Laraba, a ɗakinsa na unguwar majema, bayan 'yar jinyar da ba mu ɗauke ta da zafi ba. Wan mahaifiyata ne, majemi ɗan majemi, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Maza sun yi zamansu a ƙofar gida yadda aka saba. Majema abokan sana'arsa suka ce mutum ne da ba ya ɓoye aibin fata, in akwai huji zai nuna maka tun kafin ya jiƙa ta. Liman ya ce bai san ranar da ya duba sahu ya rasa shi ba. Duk gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowane dattijon kirki, kuma in abin ya tsaya nan, nan da baɗi an manta da shi.

Mata ne suka ɗaure wa mutane kai. Tun la'asar suka fara shigowa, daga wajen Hubbare, daga Ƙofar Atiku, wasu da goyo, wasu da furfura ta fara leƙowa ƙarƙashin kallabi. Har da matan manya waɗanda ba su taɓa taka unguwarmu ba saboda warin jima. A cikinsu akwai wata gajeriyar ungozoma da ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana kuka shiru. Matar Kawu, wadda nake kira Inna, ta jawo ni gefe.

"Ke, waɗanga mata hwa? Ban san ko guda ba. Ba gida sunka ɓace ba?"

"Ɗiyan makaranta na, Inna."

Ta dube su da kyau, ido jawur, ta ce, "Waɗanda sunka cinye min gero?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da yamma babban ɗan Kawu, taubashina, ya leƙo ya kira ni zaure. Shi a ƙauye aka riƙe shi, ya tashi ya shiga fataucin fata, bai san rabin abin da ubansa ya yi ba. Ranar ko tsokanar da muka saba bai yi mini ba. Ya ce, "Da muna yi mai wanka mun ga kanta ta zagaye babban yatsan ƙahwatai ta dama, awa an daɗe ana ɗaure shi. Mi na na?"

Na ce masa ni na yi wa Kawu ita. Ga yadda aka yi, na rubuta don shi, da waɗanda za su zo bayansa.

A lokacin Turawa ba su daɗe da buɗe makarantar 'yan mata ba, a wani tsohon gida mai faɗin tsakar gida can wajen Ƙofar Atiku. Ina cikin waɗanda aka fara koya wa, daga baya da aurena ya mutu aka ce in zo in taimaka wa Baturiyar da ke riƙe da wurin. Iyaye ba da son ransu suka ba da 'ya'ya ba. Yarinya takan zo yau, gobe a aiko cewa kakarta ba lafiya, shi ke nan ba ki ƙara ganinta. Sharaɗi guda aka gindaya mana, namiji baligi ba ya ganin yaran. Ko mai kawo itace a zaure yake ajiyewa ya juya. Kowa ya san ranar da aka karya wannan sharaɗi, ranar makaranta ta tashi.

Baturiya ce ta kawo shawarar wasan kwaikwayo. Kurkunu yana kwantar da mutane kowace damina, iyaye mata kuwa ba sa karatun boko, ta ce to a nuna musu da ido. Wasan kansa ba wuya. An yi ruwa, kududdufi ya cika, gida ɗaya sun sha haka nan, gida ɗaya sun tace da ƙyalle sun tafasa, sai a ga wanda ya fita gona da wanda ya kwanta da ƙafa a kumbure.

Ranar farko mun sha kunya. Yarinya ta ɗaga kai ta ce, "Ga hadari ya taso," alhali rana tana dukan ƙeyar kowa, ko ganye ba ya motsi. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ita ma ta ce, "Ina?" Aka fashe da dariya. Daga nan ba wadda ta ƙara jin zancen tace ruwa, hirarsu suka shiga yi har muka gama.

A hanyar gida na tuna da Kawu. Muna yara, in an shanya ƙirgi, wato busasshiyar fatar sa, yakan kama shi ta gefe biyu ya girgiza a hankali. Sai ka ji cida, irin rugugin nan na hadari mai nisa, kaji su ruga ƙarƙashin rumbu, mu kuma mu mutu da dariya. Na same shi yana karta fata na faɗa masa buƙatata.

Ya ce, "Ɗiyata, ni da ɗiyan sarakai? Warin jikina ɗai ya isa shi tashi makarantar taku."

Da na ce zancen kurkunu ne sai ya ajiye wuƙar. Ashe yana saurayi kurkunu ya kwantar da shi damina guda cur, har gonar ubansa ta lalace. Bai ƙara musu ba, ya ce a nemi izinin iyaye maza.

A zauren liman aka yi zaman, Kawu ne ya ba ni labari. Akwai wani attajirin hatsi da 'yarsa ke riƙe da babban matsayi a wasan, kuma duk inda ya sa ƙafa sauran iyaye nan suke sawa. Ya ce in dai dole ne, majemi ya zauna bayan katanga, a waje. Kawu ya ce katanga cin sauti take yi, in ya zauna bayanta cida za ta koma tarin tsohuwa. Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan zana ninki biyu, a kafa ta a kusurwar tsakar gida, ya shiga ta ƙofar baya kafin yara su fito, ya zauna ya ba zanar baya.

Attajirin ya ce, "Rad da idonka yas sauka bisa ɗiyata, ran nan karatunta ya ƙare. Kuma ba ita ɗai ba."

Kawu ya ce, "Na ɗauka. Allah shina gani, liman shina ji."

To, mutumin da ba ya gani, yaya zai san lokacin da zai saki ruwa? Da farko mun ce ya bi maganar yara. Bai yarda ba. Ya ce in ya jira yarinya ta ce ga hadari sannan ya girgiza ƙirgi, ya zama mai amshi, kuma ba a taɓa jin sama tana yi wa mutum amshi ba. Dole kunnen 'yan kallo ya riga bakin yarinya ji. Sai ya yanko siririyar fata ya tufka igiya mai tsawo. Hannayensa biyu suna da aiki, don haka ya ɗaura ta a babban yatsan ƙafarsa, ta bi ta ƙarƙashin zana, cikin yashi, har inda nake zaune gefen yara. In na ja sau ɗaya ya fara, sau biyu ya ƙara ƙarfi, in na ja na riƙe ya yi shiru.

Mun sha faɗa a kan igiyar nan. Ni mai garaje ce, in wasa ya yi zafi mantawa nake da akwai mutum a ƙarshenta. Bayan an watse sai ya fito yana ɗingishi ya ce, "Ke, yatsa na kika ja, ba guga ba." Ni kuma in ce da ya yi sauri da ban ja da ƙarfi ba. Ya ce, "Ɗiyar ƙanwata, bakin ga naki shi yak kashe miki aure." Ban taɓa barin masa ta ƙarshe ba, shi ma bai taɓa bar mini ba.

Kayan aikinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, duk na gida ne. Yakan jera su a gabansa daga hagu zuwa dama yadda za su shigo cikin wasa, don kada ya tsaya lalube. Gora mai dogon wuya da yake hura bakinta ta ba da iska. Ƙirgin cida, wanda sai ya shanya shi a rana tun safe, don in ya sha raɓa ba ya magana. Ƙoƙo biyu da yake kifawa a yashi su ba da tafiyar jaki. Kwatarniya da ruwa da ƙwarya, ta ɗiban ruwan kududdufi. Sakaina da yake gogawa jikin wani kara mai tsaga-tsaga, sai ka rantse kwaɗi ne suka samu sabon ruwa. Sai ƙwaryar gero.

Ruwan sama shi ne abin alfaharinsa. Ya ce ruwa ba ya faɗo wa mutum haka nan, sai ya aiko 'yan aike. Iska tukuna. Sai cida can nesa. Sai ya yi shiru ɗan lokaci, irin shirun da gari yake yi, har mata su fara duban sama. Sannan ya jefa gujiya ɗai-ɗai a kan wata busasshiyar fatar akuya da ya ɗame a bakin ƙwarya, manyan ɗigon farko ke nan. Daga nan ya saki gero daga sama, siriri, yana ƙarawa. Ranar da muka fara yi da shi, na ga wata mata ta jawo goyonta ta rufe shi da mayafi, tsofaffi kuma suna ta tasbihi. Da yarinya ta zo wajen tace ruwa, tsakar gidan tsit, ana sauraro.

Abin da ya fi yawan faɗa mini shi ne, "In sunka tahi gida suna zancen cida, na ɓata aiki. Zancen ƙyallen tacewa nika so su tahi da shi." Saboda haka da yarinya ta buɗe baki yake rage ruwa, ya bar shi yana yayyafi a ƙarƙashin muryarta. Muryoyin yaran nan ƙanana ne, an hore su da yin magana ƙasa-ƙasa tun suna goye, shi kuwa yana da abin da zai iya binne su gaba ɗaya.

Geron kuwa daga rumbun Inna yake fitowa, nan rikicin gida yake. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda ake zubar da abinci don 'ya'yan masu kuɗi su yi wasa ba. Ya ce ba zubarwa yake ba, aro ne. Ta sa shi dole ya riƙa shimfiɗa tabarma, ya tattaro kowace ƙwaya ya maido mata. Ta sheƙe, ta wanke, ta yi fura, in ta miƙa masa ta ce, "Ungo, sha ruwan samanka."

Bai san fuskar yarinya ko ɗaya ba, amma ya san su duka. Sunayen da ya ba su na kunne ne, mai muryar tattabara, mai cin ƙarshen magana, mai jan ƙafa. 'Yar attajirin hatsi ita ce mai munduwa. Yarinya ce mai ƙoƙari da tsoro, in magana ta ɓace mata sai ta hau murza hannu, mundayen su riƙa ƙara. Kawu ya gane wannan tun kafin ni in gane. Da ya ji ƙarar, ba ya jiran igiya, sai ya saki cida mai tsawo. Mata su dubi sama, ni kuma in raɗa wa yarinya abin da ta manta. Ba wanda ya taɓa sanin ta yi tuntuɓe. Ita kanta sai da ta girma ta gane ba sa'a ba ce take yi.

Ranar da nake so a riƙe ta zo ne a ƙarshen bazara. Mun shirya babban wasa kafin ruwa ya sauka, mata suka cika gida har bakin zaure. Mahaifiyar attajirin hatsi ta zo da kanta da sandarta, tsohuwar da ɗanta ba ya tsallake maganarta, ta zauna gaba. Kowa ya san ba kallo ya kawo ta ba, ido ta zo ta sa.

Ana tsakiyar wasa, na ja igiya, Kawu ya fara cida. Sai iska ta gaske ta taso daga gabas. Ashe gara ta cinye gindin sandunan da aka kafa zanar, ba mu lura ba. Iska ta buga sau ɗaya, zana ta kwanta gaba ɗayanta ta wajen yara, rim. Yara suka yi ihu suka watse, ga Kawu a fili, zaune, ya ba mu baya.

Duk ɗan Adam in abu ya faɗi a bayansa, yara kuma suka yi kuka, waiwayawa yake yi. Ba tunani ake yi ba, wuya ne ke juyawa da kansa. Na ga kafaɗarsa ta motsa, na ce shi ke nan makaranta ta tashi. Sai ya ɗaga ƙirgin da ke hannunsa ya kifa a kansa, ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashinsa. Ba abin da ake gani sai busasshiyar fata da ƙafa guda a waje, da igiya a yatsa.

Ba wanda zana ta taɓa. Amma yaran sun tsaya cirko-cirko, Baturiya ta tashi tsaye ta rasa Hausar da za ta yi, tsohuwar kuwa idonta na kan ƙirgi. Ban san abin da ya sa ba, na ja igiya. Daga ƙarƙashin fatar sai cida ta taso, yana buga ta da bayan hannu daga ciki. Mai munduwa ta koma wurinta ta ce, "Ga hadari ya taso." Wannan karon ba wadda ta tambayi ina. Haka muka kai wasan ƙarshe da cida kaɗai, don hannunsa ba ya kaiwa ga gero.

Hadarin bai zubar da ko ɗigo ba, iska ta tafi da shi, rana ta dawo da fushinta. Wanda ya san ranar bazarar Sakkwato ya san abin da ake nufi da mutum ya kwanta cikin yashi an kifa masa busasshiyar fata. Mata suka fara fita. Na nufi wajensa, tsohuwar ta tare ni da sanda ta nuna mini gindin bango. Ta sallami kowa har da Baturiya. Jikarta kaɗai ta riƙe, ta zaunar da ita bayanta, ta sa yatsa a baki. Yarinya ta dafe mundayenta. Muka zauna har inuwar bango ta matsa, ni ina kallon ƙafar nan tana tsiyayar gumi, raina yana tafasa.

Can tsohuwar ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙirgin da sanda.

"Kai majemi, hito. Kowa ya watse, ni ɗai ta, tsohuwa."

Muryarsa ta fito a shaƙe. "Sannu, Inna. Ke da mai munduwa."

"Ta tahi gida."

"Ta dai dahe su da hannu, Inna. Amma guda tana taɓa guda."

Tsohuwar ta tsaya tana kallon fatar. Sai ta kama hannun jikarta suka wuce, sai da ta kai bakin zaure ta juyo ta ce mini, "Ki ba shi ruwa. Tatacce."

Da na ɗaga ƙirgin bai iya tashi ba. Rigarsa kamar an tsamo ta daga rijiya, gefen fatar ya tsaga masa kunne, leɓɓansa sun yi fari. Na yi ta kuka ina zaginsa, na ce da ya rufe ido kawai ya fito. Ya ce ido rufaffe ba shi da shaida, kowa na iya cewa ya buɗe. Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, abin da ya dame shi daban ne. Ya ce, "Wasa ya tahi babu ruwa." Sannan ya ce a sake sanduna, a zuba toka a ramin kafin a kafa.

Ya yi kwanaki a kwance. Ni kuwa washegari na je makaranta ban san abin da zan tarar ba. Mai munduwa ce ta fara shigowa, riƙe da hannun ƙanwarta da ba a taɓa kawowa ba. Daga baya attajirin ya aiko jaki da buhun gero gidanmu, aka ce na ruwan sama ne. Inna ta karɓa ta zuba a rumbunta, amma ba ta daina sa shi tattara ƙwaya ba.

Ya yi shekaru yana wannan aiki, yara suna shiga suna fita, har hannunsa ya fara rawa, gero ya daina zuba daidai. Ranar da ya ji ruwansa yana yankewa shi ya sallami kansa. Bai taɓa ganin wasa ko ɗaya daga cikin waɗanda ya yi wa sauti ba. Bayan attajirin ya rasu, yaran farko duk sun yi aure, na ce masa ya zo ya zauna gefe ya ga yadda abin yake, ai yanzu ya tsufa, ba mai cewa komai. Ya ce, "A zauren liman ba a ce min sai na tsuhwa ba."

Zuwana na ƙarshe wajensa yana kwance, ina yi masa fifita. Muka yi hirar da, ya tsokane ni a kan jan igiya. Can ya ce, "Ɗiyata, in tambaye ki. Mai munduwa, doguwa ta ko gajera?"

Na ce gajera ce, baƙa, mai wushirya.

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe. Ni na ɗauka doguwa ta."

Ranar sadakar uku matan makaranta suka dawo, muka cika ɗakin Inna. Ungozomar nan da ta zauna bakin ƙofa ranar farko ita ce mai munduwa. Rabin yaran unguwarsu a hannunta suka faɗo, kuma ba ta taɓa shiga ɗakin mai jego ba tare da ta tambayi inda aka ɗebo ruwa ba. Bayan an shafa fatiha ta matso kusa da ni.

"Malama, in tambaye ki. Ƙaƙa shike? Dogo na ko gajere?"

Na ga duk sun juyo suna jira. Sai a lokacin na tuna ba wadda ta taɓa ganin fuskarsa a cikinsu. Na ce gajere ne, siriri, mai ɗan gemu, hannayensa sun rine da jan fata, da tabo a kunnen hagu.

Ta ce, "Ni na ɗauka dogo na."

Ta so ta ƙara wani abu, maganar ta ɓace mata. Ta hau murza hannu, mundayen suka yi ƙara. A da in suka yi wannan ƙara ba ta gama numfashi ba cida ta taso ta rufa mata asiri. Muka zauna mu duka muna jin su, ba abin da ya taso.

Allah ka rufa wa Kawu asiri yadda ya rufa wa 'ya'yan mutane, ka sanyaya masa makwanci.